Kwalin da Ke Ƙarƙashin Gado

Nafi'u, an ce sun ba ka makullin siton riɗi,
mutum goma sha ɗaya a ƙarƙashinka,
biyu daga ciki sun ci tuwon sunanka.
Ka aiko a tambaye ni me za ka karanta.
Jawo kwalin sabulun nan na ƙarƙashin gado,
a hankali, gindinsa ya soma ruɓewa.

Ka fara da wanda ba shi da bango.
A ƙasa na saye shi, bakin tashar Gadarif,
shekarar da ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta yi kai ba.
Gara ta riga ni cin sunan mai shi.
Kafinta ne, ina ji.
Shafi arba'in yana ta wasa zarto
bai taɓa katako ba.
Na ji haushi, kuɗin shayina ne na mako guda.
Sai da na shekara ashirin a gaban sikeli
kafin kunnena ya fara buɗewa.

Mai koren bangon nan, ƙaton, na shugabanci ne.
Rabinsa ƙaiƙayi.
Wanda ya rubuta shi bai taɓa tsayawa ranar Alhamis
gaban 'yan dako da gumi a wuyansu
kuɗin attajiri bai iso ba.
Za ka ga inda na yi masa gardama da jan biro.
Amma ka nemi shafin da na naɗe kunnensa,
inda ya ce: tambayi mai shara inda rufi yake yoyo.
Na karanta, na ja layi, na ce madalla,
ban tambayi Baba Ɗanlami ba,
shi da tsintsiyarsa ta san kowace kusurwa.
Buhu talatin da bakwai muka zubar a daminar nan.
Yana tsaye, bai ce uffan ba.
Har ya rasu idonsa nake kaucewa.

Siririn can na wata marina ce.
Ta ce duk ƙyallen da ya ɓaci a rini
ba ta jefarwa, tana rataye shi inda za ta gan shi da safe,
don sabon launi daga ɓarna yake leƙowa.
Gwaggonka Tasalla ta fi ni karanta shi,
ga tabon man gyaɗa a shafi na tara.
Bayansa ne ta daina kwaikwayon zanen maƙwabta
a hulunan da take ɗinkawa.
Wata uku ba wanda ya saya.
Ban faɗa mata abin da nake tunani ba, gara da na yi shiru.

Akwai wani mai alkawarin arziki cikin kwana bakwai.
Kar ka wahala nema a kwali,
yana ƙarƙashin ƙafar teburin can.
Aikinsa yake yi, teburin ya daina girgiɗawa.

Na ƙarshen ba bugun kowa ba ne.
Littafin lissafina ne, mai ɗaurin zare,
sunayen 'yan dako, kwana da kwana,
wa ya ɗauki nawa, wa aka yanke wa nawa.
Ka duba wani Adam Kuku, da ya zo daga yamma.
Sau shida na rage masa don latti,
ban san yarinyarsa yake kaiwa asibiti ba.
Wannan ka karanta shi a zaune, bayan isha,
ba inda ake hira da jabana ba.

Kar ka kwashe su duka, ɗauki ɗaya.
In ka gama ka dawo ka gaya mini inda ya yi ƙarya,
sai in ba ka na biyu.
Ka ja mini ƙofar in za ka fita,
hadarin nan na kudu ba shi da niyyar washewa.